Littafi na huɗu ya fito, gari ya rabu: me ake nema ga mai sharhin ƙarshen labarin soyayya na tarihi?

Idan marubuciya ta riƙe mutane wata da watanni da labarin soyayya, na ɗaya, na biyu, na uku, sannan ta rufe da na huɗu, wa ke da bakin cewa rufewar ba ta yi ba? Wadda ta biya kuɗinta ta karanta? Wanda ya san tarihin zamanin da aka ɗora labarin a kai? Ko kuwa mai abu da abinsa, kowa ya ja bakinsa?

Tambayar da ta hana wasu gidaje sakat ke nan a Jos kwanakin nan, har da namu. Wani labari ne mai kashi huɗu da ake karantawa a waya. Ba zan kama sunansa ko na mai shi ba, don ba talla na zo yi ba, kuma wutar ta ishe ta ba sai na ƙara itace ba. An kafa shi a barikokin haƙar kuza na wajen Bukuru lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. An kwaso wani saurayi talaka daga ƙauyensu zuwa aikin tilas, budurwar da ya baro aka ɗaura mata aure da wani dattijo mai hali. Littattafai uku ana cin baƙar wuya. A na huɗu sai ga shi ashe saurayin ɗan sarki ne da aka sace yana goye, wani tabo a kafaɗarsa ya tona asirin, dattijon miji ya yanke jiki ya faɗi, aka sha biki da algaita da kalangu. Wata malamar makaranta ta rubuta sharhi ta ce ƙarshen ya ci amanar farkon. Kafin la'asar an kira ta mahassadiya, an ce in ta isa ta rubuta nata a gani.

'Yar yayata ce ta kawo min ƙara. Ta ce, "Kawu, kai da kake son tarihi, don Allah karanta ka gaya min in wannan ba zalunci ba ne." Na karanta huɗun, na karanta sharhin, sai na ga rabin rigimar ta taso ne daga kalmomin da kowane ɓangare ke ba wa tasa ma'ana.

Kalmar sharhi ta zama biyu

A bakin masu karatun waya, sharhi shi ne abin da ake turawa bayan an sauke shafi: Allah ya ƙara basira, Allah ya ƙara lafiyar yatsu, wance ta ba ni haushi, wane ya burge ni, muna jiran na gaba. Marubuta da kansu kan ce yawan sharhi yawan shafi, in an yi shiru su ma su ajiye alƙalami. Wannan tukuici ne, kuma ba laifi ba ne. Mutum ya kwana yana danna waya har idonsa ya yi ja, ya cancanci a ce masa sannu.

Amma akwai tsohuwar ma'ana, wadda ɗaliban Hausa ke koya a aji: a ɗauki littafi a duba jigonsa, zubinsa, salonsa da taurarinsa, a faɗi inda ya tsaya da ƙafarsa da inda ya yi ɗingishi, a kawo hujja daga cikin shafukan. Malamar wannan ta yi. Masu karatu kuwa wancan suka saba ji, shi ya sa abin ya faɗo musu kamar wanda ya zo gidan suna ya ce jaririn ba shi da kyau.

Sa wa jarumi rawani bai mai da labari na tarihi ba

A nan ma akwai ruɗani. Littattafan sarauta sun cika wayoyin mutane: masarautar da ba ta taɓa wanzuwa ba, yarima mai izza, kuyanga mai kyau, fulani, wato matar sarki, mai makirci, wani lokaci har da aljanu. Babu wanda zai tambayi irin wannan labari shekara nawa, don bai yi alkawarin shekara ba. Duniyarsa ta marubucin ce, ya gina ya rushe yadda ya so.

Labarin soyayya na tarihi ya bambanta da wannan ta wuri ɗaya mai nauyi: ya kira sunan zamani na gaske da gari na gaske. Da zarar ka ce Bukuru, 1943, ka shiga gonar da ba taka kaɗai ba. Akwai jikokin waɗanda suka yi aikin, akwai tafkunan da haƙar ta bari daga Rayfield har Barikin Ladi, kowa na wucewa yana gani. Kuma abin da ya faru sananne ne. Bayan Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai ta juyo kan Filato. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗebo maza daga lardunan Arewa ta hannun sarakuna da hakimai, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. Mutanen da suka saba da zafin ƙasar Sakkwato da Katsina aka zube su cikin hunturun dutse ba isasshen bargo, ba isasshen abinci. Da yawa ba su koma gida ba.

Jingina labari da tarihi ba baƙon abu ba ne a rubutun Hausa. Cikin littattafan da suka fito daga gasar 1933 da aka shirya a Zariya ƙarƙashin Rupert East, Ganɗoki na Bello Kagara ya taɓo zuwan Turawa, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi hanyar cinikin bayi ta hamada. Sai dai ba soyayya ce ƙashin bayansu ba. Littattafan soyayyar da suka yi tashe daga Kano tun shekarun 1980 kuwa yawancinsu zamanin marubutan suke bayarwa, da makarantar kwana da auren dole da kishiya. Haɗa biyun, soyayya a gaba, tarihi na gaske a ƙarƙashi, shi ne bai yi yawa ba a wajenmu, shi ya sa har yanzu ba mu daidaita kan ma'aunin da za a auna shi da shi ba.

Wanda ya haɗa su ya ci bashi biyu. Zuciyar mai karatu tana binsa haɗuwar masoya. Zamanin da ya ara kuma yana binsa gaskiya. Littafi na ɗaya da na biyu lokacin cin bashin ne, ana ta ɗaure igiya ana ƙara ƙulli. Na ƙarshe ranar biya ce.

Me ya sa nauyin ke taruwa a na ƙarshe

Masu karanta na Turanci, waɗanda iyayensu mata suka tashi da littattafan soyayya na kamfanin Mills & Boon a makarantun kwana, sun san wani tsari daban. A can jerin littattafan soyayya na tarihi yawanci kowane littafi da nasa masoyan. Bridgerton, wanda Netflix ta fara nunawa a 2020, 'yan gida ɗaya ne su takwas, littafi takwas, kowa da nasa auren. In na takwas bai yi daɗi ba, bakwai ɗin farko suna nan da ƙarshensu, ba abin da ya taɓa su. Kuma ƙa'idar kasuwar can a bayyane take: soyayya ce cibiyar labari, kuma dole a rabu da mai karatu cikin farin ciki.

Namu labari ɗaya ne ake yankawa gida uku ko huɗu. Asalin wannan ciniki ne, ba fasaha ba. A zamanin bugu, marubuci da kuɗin aljihunsa yake kai aiki maɗaba'a, sai ya fitar da siririn littafi na ɗaya, ya tsaya daidai inda rai zai biya, cinikinsa ya biya kuɗin buga na biyu. Masu shagon haya ma hakan ya fi musu, kwana ɗaya littafi ɗaya. Da aka koma waya tsarin bai mutu ba, riga kawai ya canza: na ɗaya kyauta ne, ɗanɗano, saura sai an tura kuɗi an shiga rukuni.

Ke nan a wajenmu littafi na ƙarshe shi ne rufin ɗakin gaba ɗaya. In ya yi yoyo, har tabarmar da aka shimfiɗa a na ɗaya sai ta jiƙe.

To me ke sa shi yoyo? Gajiya tana ciki, amma ba ita kaɗai ba. Mai fitar da shafi kullum ba ta da damar komawa ta gyara abin da ya riga ya fita, duk ƙullin da ta ɗaura a watan farko yana nan yana jiranta ko ta manta da shi. Binciken da ta yi kafin ta fara yakan ƙare a tsakiyar hanya, shi ya sa za ka ga littafi na ɗaya cike da ƙurar ramin kuza da tsawar heluma, shugaban leburori, na huɗu kuwa ba ka san ko a wace shekara kake ba. Kuɗi kuma an riga an karɓa tun farkon na biyu, ga masu fitar da littafi waje duk da "ban yafe ba" da ake rubutawa a saman kowane shafi, sai ƙwarin gwiwa ya ragu daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Babu edita da zai ce dakata. A madadinsa akwai ɗaruruwan masu karatu a rukuni ɗaya da marubuciya, kowace da ƙarshen da take so, wasu har da rantsuwar in aka kashe wane sun daina karatu. Ba kowa ke da zuciyar da zai saɓa wa mutanen da yake gaisawa da su kowace safiya ba.

Inda malama ta yi daidai

Masu kare littafin sun ɗauka malamar cewa ta yi bai kamata masoyan su yi aure ba. Na sake karantawa, ba ta faɗi haka ba. Hanyar da aka bi aka kai ga auren ita ta ƙi, kuma a nan ina bayanta.

Littattafai uku sun gaya mana cewa abin da ya raba waɗannan yara shi ne talauci da ƙarfin hukuma: yaro ba shi da uban da zai tsaya masa, shi ya sa sunansa ya shiga cikin waɗanda dagaci ya miƙa. Wannan shi ne ciwon labarin, shi ya sa mutane suka yi kuka. Da aka ce ashe ɗan sarki ne, ba a warkar da ciwon ba, an dai ce tun farko kuskure aka yi wajen zaɓen wanda za a ji wa. Ma'anar da ta rage ita ce wahalar ba ta dace da shi ba saboda jininsa. To sauran leburorin da muka kwana da su a bukka ɗaya tsawon littafi biyu, waɗanda ba su da tabo a kafaɗa, su ta dace da su ke nan? Ban ce marubuciyar haka ta nufa ba. Alƙalaminta dai haka ya faɗa.

Abin takaicin shi ne zamanin da kansa yana da ƙofofi, ba sai an fasa bango ba. Budurwa a lokacin ba ta da ta cewa sosai a auren fari, amma bazawara tana da baki. Akwai yaji, akwai zuwa gaban alƙali, akwai hul'i a mayar da sadaki. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, ya ga macen da aka yi wa auren zumunta tana yarinya, ta fita, ta yi aure har sau huɗu a rayuwarta. Haka matan wancan zamani da yawa suka kai ga wanda suke so, a hankali, da tsada, da surutun dangi. Ga kuma hanyar zuwa: ƙaramin jirgin ƙasa na Bauchi Light Railway yana tasowa daga Zariya zuwa Jos da Bukuru tun 1914, sai a 1957 aka rufe shi. Mace ta hau shi ita kaɗai ta sauka a bariki a 1943, ta san sunan da za a kira ta da shi a garinsu har ta mutu. Da jarumar ta zaɓi hakan da idonta biyu, da an samu aure, an samu farin ciki, kuma da an biya shi da abin da ya kai. Wannan ƙarshen zai sa mai karatu murmushi da ƙwalla tare. Wanda aka ba mu shewa kawai ya sa, shewa kuwa ba ta kwana.

Ta kuma ɗago wani abu da ni ɗan Jos ya kamata in fara gani ban gani ba. Kashi huɗu a ƙasar Bukuru, babu Birom ko ɗaya da ya buɗe baki ya yi magana, alhali gonakinsu aka haƙe, matansu na cikin masu ɗaukar ƙasa a ka. Babu akawu Ibo ko Bayarabe. Bariki wuri ne da harsuna suka cakuɗa, shi ya haifi irin Hausar da muke yi a garin nan. Cire su ya sa barikin ya koma kamar wata unguwa a cikin Kano da aka ɗora wa duwatsu.

Inda ta zarce

Kusan rabin sharhin ta ɓata shi wajen farautar ƙananan kurakurai. An biya lebura da naira, alhali naira sai a 1973 ta zo, a lokacin fam ne da sule da sisi da taro da kwabo. Gaskiya ne, kuma ya kamata a faɗa. Amma jimla ɗaya ta isa. Irin wannan kuskure minti biyar ke gyara shi, labarin bai motsa ba. Jera su goma sha da lamba yana sa mai karatu ya ji kamar ana duba masa jarrabawa da jan biro, sai babbar maganar ta nutse cikin ƙananan. Kuskuren zamani mai haɗari shi ne na zuciya: yarinyar ƙauye ta 1943 ta tsaya gaban mahaifinta tana jawabin 'yancin zaɓi da kalmomin ɗalibar jami'a. Wannan ba ya gyaruwa da canza kalma.

Na biyu, ta fasa ƙwai a layin farko ba gargaɗi. Sharhin littafi na ƙarshe ba ya yiwuwa ba a taɓa ƙarshen ba, wannan kowa ya sani, ni ma ga shi na taɓa, shi ya sa na ɓoye sunan. Amma akwai waɗanda suka tara kuɗin data suna jiran hutun mako su karanta. Layi ɗaya a sama, cewa wanda bai gama ba ya dakata, da ya rage mata rabin abokan faɗa.

Na uku, ba ta ce komai ba kan abin da ya yi kyau, ga shi kuwa akwai. Babin da uwar yaron ke zuwa bakin hanya duk ranar kasuwa tana tambayar fatake ko sun ga ɗanta, ban karanta abin da ya fi shi a waya ba bana. Mai sharhin da ya ga wannan ya yi shiru bai cika mudu ba, kamar yadda mai yabo zalla bai cika ba.

Hujjar masu karewa ba ta banza ba ce

'Yar yayata ta ce, "Kawu, mu fa ba darasin tarihi muka biya ba. Rayuwa ta ishe mu da baƙin ciki, a bar mu mu ji daɗi ko a littafi ne." Ban raina wannan magana ba. Matar da ta wuni tsakanin murhu da rigimar yara, ta samu rabin awa kafin barci, tana da haƙƙin labarin da zai sanyaya mata rai. Kuma gaskiya ne marubutan nan ba hukuma ke ɗaukar nauyinsu ba, ba kamfani, su ne marubuta, su ne masu tacewa, su ne 'yan talla.

Inda na rabu da ita shi ne "in ta isa ta rubuta nata". Ba sai ka iya ɗinki ba kafin ka san riga ta matse ka a hammata. Kuma tun da kuɗi ya shiga tsakani, magana ta tashi daga kyauta ta koma ciniki. Kowa ya ci ladan kuturu ya san sauran.

Wa abin zai shafa

Mai karatu ce ta farko. Littafin waya ba a jujjuya shi a shago kafin a saya, ba a kuma mayarwa. In duk sharhin da ke yawo na Allah ya ƙara basira ne, ba ta da hanyar sanin wane jeri ne ya kai ƙarshensa lafiya kafin ta tura kuɗinta. Marubuciya ita ce ta biyu, don wadda ba ta da edita, mai sharhi na gaskiya shi ne kaɗai editan da za ta samu, ko da ya zo a makare. In aka kore shi da zagi, littafinta na gaba ma ɗan sarkin ɓoye zai rufe shi.

Na uku ya fi damuna, watakila don kakana da kwanon kuza ya fara cin abinci a garin nan. Yaran yanzu da yawa ba su taɓa jin ɗiban gwamna a aji ba. A wannan labari suka fara jinsa, kuma wannan alheri ne da ba wanda zai ƙwace wa marubuciyar. Amma abin da littafi na ƙarshe ya bari shi ke zama a ƙwaƙwalwa. In ya bar musu cewa wahalar ta ƙare da hawan doki da busa, haka za su ba wa nasu 'ya'yan.

Malamar dai na ji ta ce ta daina, ba za ta sake sa bakinta a littafin kowa ba. Marubuciyar ta sanar da sabon labari, wannan karon a Zazzau kafin jihadi, kuma 'yar yayata ta riga ta biya. Ba ta sauka daga ra'ayinta ba, har yanzu tana cewa an zalunci gwanarta. Sai dai shekaranjiya da muka biyo ta hanyar Bukuru ta sa na tsaya a bakin wani tafki, ta daɗe tana kallon ruwan, sannan ta ce, "Kawu, wai da hannu suka haƙa wannan?" Na ce wani da hannu, wani da inji. Ta ce in mun koma gida in nuna mata hoton kakan nawa.